Yadda Ake Shimfiɗa Rezin da Tsakuwa a Kan Tsohuwar Kwaltar Ƙofar Gida

A unguwannin Birmingham da Manchesta da Leeds, gidaje da yawa suna da fili a ƙofar gida inda ake ajiye mota, kuma da dama daga cikinsu tsohuwar kwalta ce da ta kwashe shekaru tana shan ruwan sama har ta koɗe. Abin da ake yayi yanzu shi ne a lulluɓe ta da kwaɓin rezin da tsakuwa. Ana zuba busasshiyar tsakuwa a inji, a kwarara mata rezin, wato wani ruwa mai danƙo wanda ake gani ta cikinsa, a juya har kowace ƙwaya ta jiƙu, sannan a shimfiɗa a lailaye da cokalin filasta. Idan ya bushe sai ya zama daɓe mai sumul, tsakuwa ba ta watsuwa, ruwa kuma yana ratsawa ta cikinsa.

Kada ka rikita shi da ɗan uwansa, inda ake shafa rezin a ƙasa a watsa tsakuwa a kai. Wancan ruwa ba ya ratsa shi, kuma da tafiya ta yi nisa tsakuwar takan riƙa ɓallewa. Wanda ake kwaɓawa a inji shi ne zancenmu.

Ga ɗan uwa da ya mallaki gida a Birtaniya, ko yake aikin gini a can yana son ya ƙara sana'a, abu na farko da zan faɗa masa shi ne kaurin wannan daɓe bai kai santimita 2 ba. Ba shi ke ɗaukar nauyin mota ba, kwaltar da ke ƙarƙashinsa ce ke ɗauka. Riga ce kawai, jikin da aka sa wa rigar shi ne abin dubawa.

Mataki na 1: Ka binciki kwaltar da gaske

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace tun kafin a buɗe bokiti ko ɗaya, don haka kada ka yi gaggawa. Ka jira ranar da aka yi ruwa mai yawa, ka fito ka duba filin. Ina ruwan yake bi? Ina yake kwanciya? Duk wurin da ya taru ka zagaye shi da alli. Sannan ka duba daidai inda tayoyin mota suke tsayawa kullum. Idan wurin ya lotsa ya yi kwari biyu, alama ce cewa dutsen da ke ƙarƙashin kwaltar bai da kauri ko ba a daddanne shi da kyau ba, kuma zai ci gaba da nutsewa ko me ka shimfiɗa a kai.

Ɗauki sukundireba ka caka a wurare daban-daban, musamman gefe-gefe. Kwalta mai lafiya za ta ƙi shiga. Wadda ta mutu za ta riƙa marmashewa, tsakuwarta na fita da ɗan karce. Rezin zai manne wa saman nan mai marmashi, kuma ranar da saman ya saki, da shi zai tashi.

Tsagewa iri biyu ce. Akwai siririya guda ɗaya ko biyu da ba sa motsi, waɗannan ana gyara su. Akwai kuma wadda ta bazu ko'ina ta yanyanka kwaltar ƙanana-ƙanana, ko wadda saiwar bishiya ta ɗago. Wannan ta nuna ƙasan yana motsi, kuma tsagewar da ke ƙasa sai ta fito a saman sabon daɓen, a daidai wurin da take. Idan abin da ka gani ke nan, gaskiyar magana ita ce a fasa a sake daga tushe. Na san kuɗin yana da zafi, amma ya fi a zuba tsadadden rezin a kan abin da zai tsage kafin shekara ta zagayo.

Ka haƙa ɗan rami a gefe ɗaya ka ga kaurin. Don ƙaramar mota ana so kwaltar ta kai milimita 50 zuwa sama, ƙarƙashinta kuma a sami dannannen dutse mai kauri. Idan filinka bulon interlok ne ba kwalta ba, to wannan hanya ba taka ba ce, domin kowane bulo motsinsa daban, kuma daɓen zai tsattsage a kan layukansu.

Mataki na 2: Ruwa da tsawo

Masu tallar rezin suna yawan cewa ruwa yana ratsa shi. Haka ne, amma ina yake zuwa bayan ya ratsa? Tsohuwar kwalta irin ta gidaje yawanci a toshe take, ruwa ba ya shiga ta. Ke nan ruwan zai nutse cikin rezin, ya tarar da kwalta, ya bi gangarenta kamar yadda ya saba tun da can. Idan gangaren yana kai ruwa bangon gida, haka zai ci gaba, sai dai yanzu ba za ka gan shi ba. Inda kuma kwari yake, ruwan zai kwanta a cikin daɓen, da hunturu ya daskare ya riƙa raunana shi. Don haka a ƙasan gangaren dole ruwa ya sami mafita: ko dai siririyar magudana mai murfin raga, ko ya zube cikin ciyawa ko wurin shuka.

Akwai kuma doka. Tun daga watan Oktoba na 2008, a Ingila, wanda zai shimfiɗa daɓen da ruwa ba ya ratsawa a gaban gida, idan ya wuce murabba'in mita 5, sai ya nemi izinin hukumar tsara gine-gine, sai fa idan ruwan zai gangara zuwa wani wuri a cikin harabar gidan inda ƙasa za ta shanye shi. Manufar ita ce a rage ruwan da ke malala titi yana cika magudanai. Tunda kwaltar ƙasa ba ta shan ruwa, ka kira kansul, wato ƙaramar hukumar yankinka, ka yi musu bayanin yadda filinka yake kafin ka fara. Sikotlan da Wels suna da nasu ƙa'idojin.

Sai tsawo. Za ka ƙara kusan santimita 2 a kan abin da ke akwai. Ka duba ƙofar gareji da ƙyauren shiga, za su buɗu? A bangon gida kuma ka nemo layin DPC, shingen nan da ke hana danshi hawa bango. Ƙa'ida ita ce saman daɓe ya kasance milimita 150 ƙasa da shi, wato kimanin layin bulo biyu. Idan da ma tazarar ta yi kaɗan, ka bar ɗan rami mai tsakuwa tsakanin daɓen da bangon. Ramukan iska da ke jikin bulo kuwa kada a toshe su ko kaɗan.

Mataki na 3: Gyara da wanki

Fesa maganin ciyawa tun da sauran makonni, ka bari ta mutu har saiwa, sannan ka cire. Kankare gansakuka. Tabon baƙin mai a wanke shi da maganin cire maiƙo, idan kuma man ya ci kwaltar har ta yi laushi, a yanke wurin a cike da sabuwa.

Siririyar tsagewa a buɗe ta kaɗan da injin yanka, a share ƙurar, a cike da maganin cike tsagewa mai ɗan talewa. Wasu sukan ɗora raga ta musamman a kai don rage yiwuwar tsagewar ta fito sama. Ramuka da kwaruruka a cike su da kwalta, a daddanne da injin dannawa. Kada ka ce za ka cike rami da rezin ɗin kansa, asarar kuɗi ce kuma lissafin kayanka zai rushe. Sabuwar kwalta tana buƙatar lokaci kafin man da ke cikinta ya bushe, sau da yawa makonni biyu zuwa huɗu, don haka ka bi abin da kamfanin rezin ɗinka ya rubuta.

Daga nan sai wanki da injin feshin ruwa mai ƙarfi, daga sama zuwa ƙasa, har ruwan ya riƙa fitowa garau. Sannan ka bar wurin ya bushe ƙayau. Kwaltar da ta yi kama da busasshiya a sama tana iya riƙe ruwa a ramukanta, musamman gefen da inuwa ke rufewa. Kwalta mai lafiya yawanci ba ta buƙatar shafen farko, wato abin da ake fara shafawa don rezin ya kama, amma idan akwai wani ɓangare na kankare, shi kam sai an shafa masa.

Mataki na 4: Gefe da murafu

Kowane gefe na daɓen yana bukatar abin da zai jingina da shi: bango, jeren bulo da aka kafa da siminti, ko siririn ƙarfen alminiyam da ake sayarwa don wannan aiki. Gefen da aka bari haka nan shi ne yake fara guntulewa. A bakin titi, inda taya ke hawa kullum, kada ka sirance rezin ɗin don ya haɗu da daɓen titi. Ka yanke kwaltar ka rage mata tsawo a wannan bakin, yadda rezin zai shiga da cikakken kaurinsa kuma ya ƙare daidai da titin. Hanyar masu tafiya a ƙasa ta kansul ce, ba a taɓa ta sai da izini.

Murfin ramin magudana a canza shi da irin mai zurfi wanda ake cika cikinsa da kwaɓin, a ɗaga shi daidai sabon tsawo. Kada a binne shi, ranar da bututu ya toshe za a neme shi. Sai ka manna salatif a kan bulo da ƙarfe da duk abin da ba ka so rezin ya taɓa, domin idan ya bushe fitarsa da wuya.

Mataki na 5: Kaya da lissafi

Rezin iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda rana ba ta canza masa launi, akwai mai araha wanda yake komawa ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa, kuma ba ya canzawa bai ɗaya, inda mota ko tukunyar fure ta rufe sai ya bar shaida. Ni na farkon nake ba da shawara, ko da tsakuwarka mai duhu ce.

Tsakuwar kuwa dole ta zama wankakkiya wadda aka busar a tanderu, tana zuwa a buhunan kilo 25. Tsakuwar gini ta yau da kullum ba ta yi. Ka ajiye buhunan a kan katako, a rufe da tamfol, domin buhu ɗaya mai danshi ya isa ya ɓata kwaɓi guda.

Kwaɓin da aka fi sani shi ne buhu 3 na tsakuwa mai milimita 2 zuwa 5, buhu 1 na mai milimita 1 zuwa 3, yashi busasshe kimanin kilo 6, da rezin kilo 7 zuwa 7 da rabi, wanda yake zuwa a mazubi biyu da ake haɗawa. Kamfanoni sukan ɗan bambanta, don haka takardar kamfaninka ita ce gaba da maganata. Kauri kuma ana bin ninki uku na babbar ƙwayar tsakuwa: milimita 15 ya isa wurin tafiya da ƙafa, wurin mota kuwa 18.

A kaurin milimita 18, kwaɓi ɗaya yana rufe kimanin murabba'in mita 3 da rabi. Idan filinka murabba'in mita 40 ne, kwaɓi 12 ke nan, ka ƙara ɗaya saboda kwaltar da ba ta kwanta daidai ba, ya zama 13, wato buhu 52 na tsakuwa. Ka saya gaba ɗaya a lokaci guda, domin launin dutse yakan ɗan bambanta daga wannan lodi zuwa wancan.

Injin kwaɓin shi ne abin da mutane suka fi yin kuskure a kai. Injin kwaɓa kankare mai juya ganga ba ya yi, tsakuwar za ta dunƙule, wani wuri rezin ya yi yawa wani wuri babu. Ana bukatar irin mai buɗaɗɗen baki wanda hannuwan ƙarfe ke juyawa a cikinsa, kuma shagunan hayar kayan gini suna ba da shi. Sai diril mai sandar juyawa, baro da aka shimfiɗa wa leda, abin baza kwaɓi mai dogon hannu, cokalin filasta na ƙarfe mai zagayayyun kusurwoyi, ruwan White Spirit na goge cokali, niƙaƙƙen gilashi, da agogon waya.

Ɗaya daga mazuban biyu yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda yake cutar da fata, kuma an san shi da haddasa asma ga ma'aikata. Safar hannu, tabarau, da riga mai dogon hannu wajibi ne ga duk wanda zai taɓa shi.

Mataki na 6: Zaɓen rana

Rezin ba ya shiri da ruwa. Idan ya haɗu da danshi kafin ya bushe, sinadarin yana fitar da iska, sai daɓen ya yi kumfa ko ya yi fari-fari, ƙarfinsa kuma ya ragu. Wannan ba ya gyaruwa sai an kankare. A ƙasar da ruwa ke sauka ba sallama, dole ka bi hasashen yanayi sosai, ka nemi ranar da ba a sa ran ruwa yayin aiki da kuma awanni bayansa. Kada ka fara da sassafe raɓa na kwance, kada kuma ka kai yamma liƙis a lokacin kaka.

Zafin da ake so shi ne tsakanin digiri 5 zuwa 25 a ma'aunin Salsiyos, laimar iska kuma kada ta haura kashi 80 cikin 100. Baƙar kwalta tana ɗaukar zafi fiye da iskar da ke kanta, don haka a ranar rani mai tsananin rana kwaɓin zai iya ƙamewa a hannunka. A sanyi kuwa yana jinkiri, shi ya sa ake ɗiga masa maganin hanzarta bushewa gwargwadon jadawalin kamfani. Wanda yake tunanin gwada wannan a Kano ko Damagaram, zafin nan shi ne babban abin da zai fara tambayar kamfanin a kai.

Mataki na 7: Kwaɓi

Aikin mutum uku ne aƙalla: mai inji, mai baro da bazawa, da mai cokali. Idan an samu na huɗu ya fi. Kowa ya ci abinci, ya yi sallarsa, ya gama uzurinsa kafin a fara, domin da zarar kwaɓin farko ya sauka babu tsayawa sai an kai ƙarshe.

Jera kayan kowane kwaɓi daban tun da wuri, kana cakuɗa buhuna daga ɓangarori daban-daban na lodin. Zuba buhu 4 a inji, ka bar shi ya juya a bushe na ɗan lokaci, ƙasa da minti ɗaya. A wannan lokacin ka juye ƙaramin mazubin rezin cikin babban, ka juya da diril a hankali kimanin minti ɗaya har ya zama abu guda. Kwarara shi cikin injin, ka kwalfe bokitin tas, ka danna agogo. Yashin ya biyo baya, a zuba shi sannu-sannu. Gaba ɗaya juyin kada ya wuce minti 3 zuwa 4.

Kowane kwaɓi ya yi daidai lokacin da na farko ya yi. Idan ɗaya ya daɗe a inji, duwatsun suna gogar juna launinsu ya yi duhu, kuma wannan facin zai zauna a ƙofar gidanka har abada, duk mai wucewa ya gan shi. Shi ya sa agogo ya fi ido a wannan wuri.

Mataki na 8: Shimfiɗawa

Fara daga can ƙurya kusa da gida, kana ja da baya zuwa titi. Tun kafin nan ka zana layuka da alli, kowane gida murabba'in mita 3 da rabi, don ka riƙa gane ko kwaɓin yana rufe abin da ya kamata. Idan yana wuce layin, daɓen ya yi siriri. Idan ba ya kaiwa, kayanka za su ƙare kafin fili ya ƙare.

Mai baro ya juye, ya baza daidai kauri, ya ɗan ɗara kaɗan saboda dannawa. Mai cokali ya bi baya. A goge cokalin da White Spirit kaɗan don kada ya riƙa kamawa, amma kada a zuba ruwan a kan daɓen. Ana riƙe cokalin da ɗan karkata, ana dannawa da ƙarfi ana ja, har tsakuwar ta daina motsi a ƙarƙashinsa ta haɗe. Wannan dannawar ce ke ba daɓen ƙarfi. Wurin da aka shafa sama-sama zai yi kyau a ranar, amma bayan watanni tsakuwarsa za ta fara bin taya. Idan wuri ya kwanta, ka ƙyale shi, yawan komawa kansa yana barin sawun cokali.

Kana da kimanin minti 20 zuwa 30 a kan kowane kwaɓi, ƙasa da haka idan ana zafi. Bakin da ka tsaya ka bar shi gatsa-gatsa ba a lailaye ba, don sabon kwaɓi ya shige cikinsa tun yana ɗanye. Idan bakin ya ƙame kafin na gaba ya iso, layin mahaɗar zai fito. Filin da ya fi ƙarfin yini ɗaya a raba shi tun farko da siririn alminiyam, a tsaya a kansa.

Bayan kowane kwaɓi biyu ko uku, a watsa niƙaƙƙen gilashi kaɗan a saman tun bai bushe ba, a ko'ina daidai. Shi ke hana santsi lokacin ruwa, kuma a fili mai gangara ko gidan da ke da tsofaffi ba abin tsallakewa ba ne. Cire salatif kafin rezin ya ƙame, sannan a wanke inji da cokula nan take.

Mataki na 9: Bushewa da kulawa

Ka tare wurin da igiya ko shinge, ka sanar da maƙwabta da mai kawo wasiƙa, ka kuma sa ido a kan kyanwa da yara. Yawanci ana iya takawa da ƙafa bayan awa 6 zuwa 8, mota kuwa a ba shi kwana ɗaya zuwa biyu, a sanyi ma fiye da haka. Cikakken ƙarfinsa yana ɗaukar kusan mako guda, don haka a makon farko kada a shigo da babbar mota ko kwandon kwashe ɓaraguzai.

Daga nan kulawarsa mai sauƙi ce. Shara da tsintsiya mai tauri, musamman lokacin da ganye ke zuba, don kada ramukan su toshe gansakuka ta samu wurin zama. Idan za a wanke da injin feshi, a sa baki mai baza ruwa, a nisanta shi kamar santimita 20 daga ƙasa. Mai idan ya zuba a wanke da ruwan ɗumi da sabulu tun bai shiga ba. Ƙanƙara a kwashe ta da shebur na roba. Direban gidan kuma ya daina murɗa sitiyari mota na tsaye cak, domin wannan murɗawar tana ɓalle tsakuwa, ya bari motar ta ɗan motsa tukuna. Ka adana rabin buhu na kowace irin tsakuwar a wuri busasshe, tare da sunan launin da na kamfanin, saboda ranar da ma'aikatan ruwa ko na gas za su haƙa wani ɓangare a buƙaci faci.